Guguwa Ya Yi Ƙiba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Alhaji Sale mai kayan gini, unguwar Kilomita Biyar, Bangui. Shagona ba gado ba ne, da hannuna na kafa shi. Abin da na gada wurin babana shi ne son karnukan farauta, dogayen nan masu shafaffen ciki. Muna yara a arewa, in ya saki nasa a fili, zomo ba ya kai rami.

Bara wani direba ya kawo mini ɗaya irinsu, na sa masa Guguwa. Maƙwabta suka ga haƙarƙarinsa, suka fara: "Alhaji, duk arzikin nan, karenka na yunwa?" Maiɗakina ta ji kunya, ta dinga ɗura masa gozo, tuwon rogon nan, da romo har ya yi ƙiba. Da na kai shi dajin hanyar Damara, ciyawa ta fi shi tsawo, shi kuwa da ido yake farauta, ba da hanci ba. Ya ɗan zabura, ya dawo inuwar mota yana haki.

Mafarauta masu saurare, ku ba ni shawara: in rage masa abinci, ko in mayar da shi arewa inda zai hango zomo? Yarana sun ce ba inda zai je. Ni kuwa gudun karen babana kawai nake so in sake gani.