Ranar da Na Ga Lambata a Bayan Babur ɗin Oga

Injin markaɗena na sayar na haɗa kuɗin jirgi. Ku da kuke ce mini Gwaggo Hannatu ta Amurka, to da ƙaurin barkono a zanena na bar Kafancan. Ubanku bai so tafiyar ba, wai me bazawara mai 'ya ɗaya za ta je nema a ƙasar da ba ta san kowa ba. Na ce masa sunana ne ya fito a cacar biza, ba nasa ba. Na kai Rahila wurin kakarku, na ɗauki akwatina.

Unguwar da na sauka sunanta Tiriman, a cikin Bironkis. Kai Bulus, daina dariya, haka nake faɗa kuma haka zan mutu ina faɗa. Su can sai sun murɗe baki kamar tuwo ya ƙone musu harshe. Ɗaki na kama a gidan wata Hajiya Azumi, 'yar Zangon Kumasi. Ranar farko ta dube ni ta ce, “Kai, ka cire takalmi.” Na waiga ina neman namijin da ya biyo ni. Ashe ni ce. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne. Shekara tara ina “kai” a gidan nan.

Aikin farko na kula da wata tsohuwa ne, wanka da ba da magani. Ban daɗe ba 'ya'yanta suka kai ta gidan tsofaffi, na koma zaman ɗaki. Ta taga nake kallon masu kai abinci a kan babura, jaka a baya, suna wucewa fuu. Aikin deliberi suke ce masa. Na ce a raina, ni da na yi shekara bakwai ina ɗauko buhun masara daga Kagoro a kan roba-roba, wannan titin mai santsi kamar faranti ne zai gagare ni?

Wani ɗan ƙasarmu ne ya ɗauke ni, Oga Sale, mai gidan abinci a wajen Fakcesta. Mu Oga Hariyof muke ce masa, don ba ya buɗe baki sai ka ji “hariyof, hariyof”, wato a yi sauri. Babura huɗu gare shi a bayan shago, ba wanda yake da lamba. Ya miƙo mini makulli ya ce, “In kin hango 'yan sanda, ki sha kwana.” Shi ke nan horon.

Sati na biyu na ga abin da ya hana ni cin abinci. An tare hanya a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba shida, ana tsayar da duk mai babur. Wanda ba lamba, ko lambar ba tasa ba ce, sai a sauke shi a jefa babur ɗin cikin babbar mota kamar itace. Na ga wani dattijo da furfura tsaye a gefen titi, jakar abinci a bayansa tana tururi, yana ta kallon motar har ta ɓace. Ni kuwa a lokacin ina shirin cika takardun ɗauko Rahila, kuma an ja mini kunne cewa kada in bari wani tabo ya hau sunana. Na tura babur ɗin Oga da hannu ta wani lungu, na mayar masa da makullinsa. Na ce da ƙafa da jirgin ƙasa zan riƙa kai abinci har in sayi nawa.

Wata biyar na yi ina haka. Na yi jarrabawar lasin, na faɗi, don na ture ɗaya daga cikin robobin nan masu tsini da ake jerawa ka riƙa ratsawa. Na koma na ci. Na sayi jan babur na hannu, na yi inshora, na je ofishin rajista na bi layi tun safe har bayan azahar. Aka ba ni lamba, aka ba ni wata 'yar sitika da ba ta fi kan sarki ba. Ita ce shaidar ka biya na shekara, a jikin lambar ake manna ta, kuma duk ƙarshen Afrilu sai an sabunta. Akwai ta biyu da makaniki yake manna wa a ƙarfen tayar gaba bayan ya duba birki da fitila. Da ɗoki na manna tawa, har ta ɗan karkace. Sai da na yi mata hoto na turo wa kakarku, ta aiko tana tambaya wai katin asibiti ne.

Abokan aikina na shagon Oga kuwa suka samu abin yi. Madam Sitika ta zo, Madam Sitika ta tafi. Oga ya zagaya babur ɗin ya tsuguna a bayansa.

“Lanƙwasa ta sama kaɗan,” in ji shi. “Ko ki shafa mata baƙin mai. Kyamara ba za ta karanta ba.”

“In ban yi laifi ba, ina ruwana da kyamara?”

“Kina tsayawa a jan wuta abinci yana hucewa. Kastoma na kira!”

“To ya kira. Wata biyar na sha wuya a kan lambar nan, ba zan ɓoye ta kamar kayan sata ba.”

A gida ma ban huta ba. Na so in riƙa shigar da babur ɗin cikin zaure, Hajiya Azumi ta fito da ludayi a hannu. “Ei! Moto a cikin gidana? Ka ƙona mu? Fitar da shi!” Na ce ba ya cizo. Ta ce ita ma ba ta cizo, amma in gwada in gani. Haka ya riƙa kwana a titi, ɗaure da sarƙa a jikin turken fitila.

Da sanyi ya kama, mura ta kayar da ni. An ce ƙanƙara za ta sauka, sai na roƙi Oga in bar babur ɗin a rumfar bayan shagonsa. Ya amsa da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Kwana huɗu ina kwance, Hajiya tana ɗura mini citta da kanumfari tana faɗa. Rana ta biyar na je, babur yana nan, sarƙa tana nan, lamba babu. Ga kusoshinta biyu a ƙasa, an ajiye su a jere.

“Ɓarayin Bironkis ke nan,” in ji Oga, yana ta juya miya bai ko dube ni ba. “Hau haka nan, wa zai kula? Hariyof, oda ta taru.”

Na ce ko ƙofar rumfa ba zan fitar da shi ba.

Akwai wani makaniki ɗan Maraɗi, Malam Isuhu, shi ke duba mana babura. Shi lamba “filak” yake ce mata, inshora kuma “asirans”. Na ce bari in fara biyawa wurinsa ya gaya mini yadda ake kai rahoto wurin 'yan sanda, don ban taɓa taka ofishinsu ba. Ina shiga garejin, ga baƙin babur ɗin Oga a ɗage an kawo gyaran birki. Idona ya sauka a bayansa. Ku 'ya'yan nan, lambar nan na haddace ta fiye da ranar haihuwata. Ga sitikata a karkace, yadda na manna ta da hannuna.

“Malam Isuhu, wa ya kawo wannan?”

“Oganku, da kainai.” Ya goge hannu a tsumma. “Bon, ni ma na ce mishi wagga filak ba ta wagga moto ba ce. Ya ce in yi aikina.”

“Ara mini sukundireba.”

Ya miƙo. Kafin in kwance ya ce in dakata, ya sa na ɗauki hoton babur ɗin da lambar a jiki, gaba da baya. Allah Ya saka wa mutumin nan.

Na kwance lambar na nufi shagon Oga. Tsakar rana ce, shago cike da mutane, 'yan tasi da ma'aikatan asibiti kowa da farantinsa. Na shiga na buga lambar a kan kanta, ƙarar ta sa kowa ya ɗago.

“Oga, ga ɓarawon Bironkis na gano.”

Ya yi wata 'yar dariya. “Haba Hannatu, zo mu shiga ciki.”

“A nan za mu yi.”

“Aro na yi. Kina kwance, lamba na zaune a banza, ni kuma ana ta kama babura. Mene ne a ciki?”

“Sunana ne a ciki. Duk wutar da aka ƙetare, duk wanda aka buge, gidan Hajiya Azumi takarda za ta zo, ba gidanka ba.”

Nan ya harzuƙa. “Ke! Wa ya ba ki aiki lokacin da kowa ya ce mace ba ta iyawa? Ni da ke ƙasa ɗaya, a kan gwangwani za ki tona mini asiri?”

Kada ku ɗauka ba na tsoro fa. Ba ni da wani aikin, ga sanyi, ga Rahila tana jira. Amma na yago takarda daga littafin oda na ajiye masa da biro. Na ce ya rubuta cewa kwana huɗun nan lambata tana kan babur ɗinsa ba da sanina ba, ya sa hannu. In ya ƙi, daga nan sai ofishin 'yan sanda, ni da hoton da ke cikin wayata. Wata nas 'yar Filato da ke cin sakwara ta ce, “Oga, rubuta mana, ai ba wuya.” Wani ɗan tasi ya ce, “Ni zan yi shaida.” Ya rubuta, ya sa hannu. Da ya gama ya ce kada ya sake ganin ƙafata a shagonsa. Na ce ko ya roƙa.

Na tura babur ɗin da hannu har gareji, lamba a cikin jaka. Malam Isuhu ya zubar da kusoshin nan, ya kawo wasu irin waɗanda ake matsewa da bindigar ƙarfe, in sun shiga ba sa kwantuwa sai an huda su. Huɗu ya sa. Sannan ya ɗauko reza ya tsattsaga sitikar a gicciye, a hankali yadda rubutun bai ɓaci ba. Ya ce yanzu duk wanda ya zo ɓamɓara, gutsi-gutsi zai samu. Ya daidaita lambar sosai a ƙarƙashin fitilar baya, ba lanƙwasa, ba leda a kai, makaho ma ya shafa ya karanta.

Sati uku bayan nan takarda ta zo. An yi gudu ya wuce kima a kusa da wata makaranta, kyamara ta ɗauka, ga lambata raɗau. Hajiya Azumi ta ce in biya in huta. Na ce ba zan biya laifin wani ba. Na nemi a saurare ni, na je gaban wata alƙaliya da Turancina na Kafancan. Na nuna mata cewa a hoton nasu baƙin babur ne, nawa ja. Na miƙa rubutun Oga da hoton gareji. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce an soke. Da na dawo na gaya wa Hajiya, sai ta ce, “Kai, taurin kanka ya yi yawa. Kawo moton bayan gida ka ajiye.” Tun daga ranar bai sake kwana a titi ba.

Na koma aiki da waya, oda na shigowa kai tsaye ba wani oga a kaina. An sha tsayar da ni a shingen nan na ƙarƙashin gada. Sai in cire hular kwano, in miƙa takardu, su dubi lamba su dubi sitika, su ce in wuce. Wani ma har ya ce mini “mam”, kiran girmamawarsu ga mace. Baburan Oga kuwa ɗaya bayan ɗaya aka kwashe su. Ban yi murna ba, don masu hawansu ne suka sha wuya, ba shi ba. Biyu daga cikin masu ce mini Madam Sitika ni na raka su ofishin rajista daga baya. Rahila ta zo a shekara ta huɗu, yanzu kun ji ta a waya, in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci.

Da gwiwoyina suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na ce ya isa, gida zan koma. Dokar can, in ka sayar da babur lamba ba ta bin sa, kai za ka mayar da ita ofis. Na kai wa Malam Isuhu ya cire. Ya fi rabin awa yana fama da injin huji, gumi na zuba.

“Wane mugu ya ɗaure wagga filak haka?”

“Kai ne, Malam.”

A ofis ma'aikaciyar ta karɓa ta wurga ta cikin wani kwando, ƙwal, ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, “Na gaba!” Ban motsa ba. Na ce sai ta ba ni takardar shaidar na mayar. Ta buga, na ce sai ta gyara sunana, don ta bar “u” ɗin ƙarshe. Mutanen layi suka fara tsaki, wani daga baya yana ta hariyof. Na tsaya ƙyam har ta sake bugawa.

Kwana uku bayan nan na sauka Abuja. Ubanku ya zo taryata da motar aro, ya dubi akwatina biyu ya ce, “Shekara tara, iya kayan ke nan?” Na ce masa iya su ke nan, kuma duk wanda ya buɗe ba zai samu ko allurar wani a ciki ba. Na ce, ɗauki ka sa a but.