Sabon Haɗi Ya Cike Gurbina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Malam Garba, tsohon malamin makaranta, daga unguwar Aziziyya a Riyad.

Ɗana ne ya kawo ni nan jinya. Direba ne a unguwar Sulay, wuni yake yi a waje. Ɗakinmu yana saman bene, gwiwoyina kuma sun daina yarda da matakala. Abokin hirata kaset ɗaya ne, na wasu Turawa masu kiɗan jita da muke ji tun muna kwalejin horon malamai. A tsohon ɗauka, murya tana fita ta lasifika ɗaya, kiɗa ta ɗayar. Ni da aminina marigayi Isa mukan kashe ɓangaren muryar, mu rera da bakinmu. Har na tsufa haka nake yi, sai in ji kamar Isa yana gefena.

Watan jiya zaren kaset ɗin ya tsinke. Ɗana ya sa mini waƙoƙin a waya, ya ce, "Baba, ga sabon haɗi, an gyara su tas!" Gaskiya sautin ya fita fes. Amma sun cakuɗa murya da kiɗa wuri guda, babu gurbin da zan shiga. Na ce masa gyaran nan ya kore ni. Ya yi dariya ya tafi aiki.

Masu sauraro, akwai mai tsohon kaset ɗin a Riyad? Don Allah kada ya aiko. Ya hawo da shi da kansa, ƙofar a buɗe take.