Yatsu Uku a Jirgin Firmino

A wurin jiran jirgin ruwa na garin Mindelo, wata mai sayar da kifi tana ba wani dattijo labarin Kyaftin Firmino, mai kai baƙi kamun kifi tsakiyar teku. Ina bayansu.

"Ban taɓa ganinsa ba, amma an ce ya fi son farin cikin baƙo a kan lafiyar ma'aikatansa. Mijina Adilson ya bar yatsu uku a jirginsa."

"Kifin ya kai bijimin sa girma," in ji dattijon. "Baƙon ya yi awa huɗu yana ja."

"To sai me, Baba? Kifin da ba ci suke ba, hoto kawai, su sake shi! Igiya ta naɗe hannun mutum, ba sai a yanke ta ba?"

"Kyaftin ɗin ya ga saura ƙiris a jawo kifin. Ya ce a ransa, bari ya ƙirga goma."

Ta juyo ta dube shi. "A ransa? Kai wa ya gaya maka?"

Dattijon ya cire hula, ya daɗe yana juya ta.

"Wuƙar tana hannuna, 'yata. Shekara shida ina kauce wa layinku. Ki yafe mini, ki kai ni in roƙi Adilson."