Ranar da muka daina gwada magani da harshe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah Ya ƙara basira. Ni ne Malam Sabo, ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa, gidana a Panshekara.

Mu ma'aikata muna da wata ɗabi'a. In mai tallan magani ya zo ƙofar kamfani lokacin tashi, sai mu lasa ƙwayar. In da ɗaci, mu ce mai kyau ne. Haka abokina Bitrus ya saya wa matarsa maganin ciwon ƙirji, ta yi ta sha, tari sai ƙaruwa.

Na gaya wa 'yata Hafsatu, wadda ta karanci haɗa magunguna. Ta zo har ƙofar kamfani da wani ɗan katin gwaji mai araha. Ta goga garin maganin a kai, ta tsoma gindin katin a ruwa. Launin da ya kamata ya fito bai fito ba. Ta ce, "Baba, da alama alli ne aka sa wa ɗaci. Zan kai wa hukuma ta tabbatar, amma a kai matar Bitrus asibiti yau."

An kai ta, kuma ta samu sauƙi, alhamdulillahi.

Ku ba mu shawara, yaya za a yi katin nan ya isa Sharada da Bompai?

Ina gaida Bitrus, da abokan aikin da suka yi min dariya ranar da na sa Hafsatu makaranta. Yanzu "Baban Likita" suke kirana, kuma wallahi ina amsawa.