Na'urar da ke jikin katangar maƙwabci

Salamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Bello ne daga Magarya.

Waifai ɗin gidanmu ba ya kai ɗakin Inna, ga ta da son ganin jikokinta ta waya. Maƙwabcina Sani ya ce in sayo na'urar ƙara ƙarhi, shi zai haɗa. Da na sayo, sai ya nace dole a rataye ta jikin katangar da munka haɗa da gidanshi. Har yau ɗakin Inna shiru, data kuwa ba ta yin sati.

Jiya na zare na'urar daga wuta don in gani. Ban ko zauna ba sai ga sallamarshi: "Bello, wuta anka ɗauke?"

Jama'a, mi zan ce mishi?