Makin da Ba Nawa Ba

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku. Sunana Rifkatu. Yawancinku kun san ni tun ina ajin yara a wannan majami'a ta Dutsin-Ma, amma abin da zan faɗa yau ba ku san shi ba, kuma ba shi da daɗin ji.

Shekara biyu na yi ina satar amsa.

Da zan shiga babbar sakandare, Baba ya miƙe a nan ranar godiya ya ce 'yarsa injiniya za ta zama. Kuka tafa. Washegari ya raka ni makaranta, ya sa aka rubuta ni a ajin kimiyya, aka ƙara mini da babban lissafi, wanda ɗalibai ke kira Foda. Ba wanda ya tambaye ni. Ni kuwa ko lissafin da kowa ke yi, da ƙyar nake haye shi. In malam ya cika allo da alamomi, sai in ga kamar tsuntsaye ne suka jeru a kan waya, ina jira su tashi.

Hauwa'u ce ke zama kusa da ni, 'yar wani mai sayar da hatsi a Kurfi. Duk ranar gwaji sai ta karkato mini takardarta. "Ke Rifka, yi sauri mana, hannuna ya gaji!" Haka na riƙa kai sakamako gida, Baba yana nuna wa dattawan coci, ni kuma ran Lahadi ina cikin mawaƙa. Kaico!

A ajin ƙarshe, lokacin rajistar darussan babbar jarrabawa, malamin lissafinmu, Malam Lawal, ya kira ni gindin bishiyar bedi. Ya ce, "Rifkatu, kuskuren da Hauwa'u ta yi a tambaya ta huɗu, shi kika yi, har inda ta goge kin goge. A babbar jarrabawa ba tare za ku zauna ba. Ki ajiye Foda, ki ba ƙaramin lissafin ƙarfinki, don in kin faɗi a cikinsa ba jami'ar da za ta dube ki. Juma'a ake rufe rajista."

Ran Laraba da la'asar na zo sharar majami'a. Na ajiye tsintsiya, na durƙusa tsakanin bencina ina kuka, na ce, "Ya Ubangiji, ka buɗe mini kai!" Na tashi na buɗe littafin. Ban gane ko layi ɗaya ba. Raina ya ɓaci da Allah, ba zan ɓoye muku ba. Na sake durƙusawa na ce, "To in ba za ka ba ni lissafi ba, ka ba ni bakin faɗa wa Baba."

Wannan kam ya amsa.

Da na koma gida, na tarar da Baba yana wanke babur. Na ce, "Baba, makin nan duk ba nawa ba ne." Na faɗa masa kome. Ya kalle ni ya ce, "To me zan ce wa mutanen coci?" Bai tambayi yadda na kwana da abin shekara biyu ba. Mako uku bai amsa gaisuwata ba. Wata uwa a zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofar can ta ce, "Injiniya, an ce motar ta mutu a hanya?" Mama, ke da kika faɗi haka, na yafe miki, amma na ji zafi.

Na cire Foda. Hauwa'u ta zauna da ni kullum bayan an tashi, tana koya mini, tana mita. "Kai, Rifka, kanki sai waƙa!" Sakamako ya fito, na ci ƙaramin lissafi da mafi ƙarancin makin da jami'a ke karɓa. Da gumina na same shi. Haleluya!

Baba ya duba takardar, ya ninke, ya miƙo mini.

Ina gode wa Yesu da ya fisshe ni daga ƙarya. Ku dogara gare shi, ko da abin da ya ba ku ba shi kuka fara roƙo ba. Ku kuma sa Babana cikin addu'a. Ya san yau zan ba da shaida, shi ya sa bai zo ba. Amin.