Saƙon Baba Maude ga Tabita

Rabaran, mai girma Mai Unguwa, Malam Sharfaddeen da sauran maƙwabtanmu Musulmi da ba su bar mu mu kaɗai ba tun ranar jana'iza, dattawan ikilisiya, Zumuntar Mata, uwargidan marigayi Mama Tasalla da 'ya'ya da jikoki, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku.

Sunana Jinjiri. Tare muka taso da Maude a ƙauyenmu bayan Runka, tare muka kwaso komatsanmu muka shigo Batsari da 'yan bindiga suka hana mu noma. Akwai nauyin da ya ɗora mini a gadon asibiti, yau zan sauke shi. Autarsa Tabita ta yi azumi da addu'a har ta rame don ubanta ya tashi, bai tashi ba. Tun daga nan ba ta sake taka majami'a ba sai yau, don ta sa a ranta ƙarancin bangaskiyarta ne ya kashe shi. Da izininta nake faɗar wannan a gabanku.

Ya kasance mai bishara a cikinmu. Ya kasance mai zuwa gaisuwar kowa, Kirista ko Musulmi, ko da a ƙasa zai taka. Ya kasance kuma mai son labari kamar yaro. Kada wani ya ce Maude ya ƙi littattafan labarin Kirista da matasanmu ke yayi. Da idonsa ya yi rauni, shi ke bin su su karanta masa, yana ɓarar gyaɗa yana tambaya ko yarinyar cikin labarin ta samu miji. Ni kuwa in yi ta tsokanarsa cewa tsufa ya mai da shi ɗan firamare. Amma in aka kai ƙarshe, tambayarsa ɗaya ce: Allahn da ke cikin labarin nan, shi ne na Littafi Mai Tsarki? In shi ne, ya sa albarka. In ba shi ba ne, to ba mai tashi sai an buɗe an duba, ko da tuwo na hucewa.

Muna tuna wata Lahadi da yamma a ƙofar gidansa, Tabita ce ke karatu. A labarin, 'yan fashi sun tare mota. Wanda ya yi addu'a da gaske bindiga ta ƙi tashi a kansa, wanda ya yi shakka aka harbe shi. Matasa suna ta tafi. A gefe akwai Kaka, wadda aka kashe mijinta a gona a daminar da ta gabata. Ta miƙe a hankali ta nemi takalminta. Maude bai gan ta ba, amma ya ji tashinta. Ya sa aka rufe littafin, ya ce, "Mijin Kaka na san bakinsa da addu'a. Marubucin nan ya iya labari, amma ya yi wa Allah ƙarya, ya yi wa mamatanmu ƙazafi." Ya tuna mana Istifanus na Littafi Mai Tsarki, da aka jejjefe alhali yana cike da Ruhu Mai Tsarki. Kaka ta koma ta zauna.

Tabita, 'yata, ɗago ki dube ni. Babanki ya san irin wannan labari ba ya fita daga zuciya da wuri. Ya ce in bari makoki ya lafa, sannan in gaya miki a gaban jama'a, don ba ke kaɗai ke ɗauke da wannan ciwo ba. Ya ce Allah ba ɗan kasuwa ba ne da za a auna masa bangaskiya a mudu ya ba da rai. Ya ce Ubangiji Yesu da kansa ya roƙa a ɗauke masa wahala, amma ya je gicciye, kuma ba mai cewa bangaskiyarsa ta gaza. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya mata ina jin addu'arta daga inda nake kwance. Da ita nake samun barci."

Mama Tasalla, mun yi rashi tare da ke, kuma wallahi zuciyata ta yi nauyi.

Mun gode wa duk wanda ya yi tattaki duk da halin da hanya ke ciki. Ya Uba, ka ta'azantar da gidan nan, ka ba ƙasarmu zaman lafiya, ka mai da kowa gida lafiya. Ka sauke wa yarinyar nan laifin da ba ta yi ba. Cikin sunan Yesu, amin.